Layi ɗaya da ya kwana shekara 14: tarihin DNS da facinsa, daga Berkeley zuwa kasuwar Maigatari

1/ Zaren yau na tarihi ne, kuma yana da ɗan tsawo, a nemi wurin zama. Labarin wata manhaja ce da akasarinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, amma duk ranar da irinta ta faɗi, har dillalin shanu a Maigatari sai ya ji a jikinsa. Sunanta BIND. 🧵

2/ Mu fara daga gida. Alhamis, 14 ga Maris 2024, cikin azumi, ranar kasuwar Maigatari. Kwana ɗaya kafin nan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da Nijar, ana ta murna. Sai intanet ya rikice a Najeriya da maƙwabta. Manhajojin bankuna da dama suka ƙi buɗewa, tiransifa ta zama sai addu'a.

3/ Abin da ya faru a ranar, wayoyi huɗu ne na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Wannan kowa ya gane shi, hanya ce ta yanke. To akwai wata matsalar da ta fi ta ɗaure kai: hanya lafiya, sabis cike, data akwai, amma babu shafin da ke buɗewa.

4/ Sau da yawa irin wannan daga DNS take. Kwamfutoci ba sa gane suna, lamba suke ganewa. Idan ka rubuta jigawastate.gov.ng, dole wani ya faɗa wa wayarka lambar injin da shafin yake ciki. Wannan mai faɗar shi ne DNS. In ya yi shiru, kai da wanda ba shi da data duk ɗaya kuke.

5/ Mu 'yan ƙasar Gumel tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Baƙo ya sauka yana neman gidan wani a wani ƙauye na Sule Tankarkar. Fada ba ta san kowane gida ba, amma ta san hakimi. Hakimi ya san dagaci, dagaci ya san mai unguwa, mai unguwa ya nuna ƙofar. Kowa da iyakar abin da aka ɗora masa.

6/ Haka DNS yake. Tushe yana sama, shi ya san mai riƙe da .ng. Mai .ng ya san mai gov.ng, shi kuma ya san na Jigawa. Akwai kuma ɗan aike, wato sabar kamfanin layinka, wanda ke yin wannan zagayen a madadinka, ya riƙe amsar na ɗan lokaci don kada gobe a sake wahala.

7/ Da can ba haka abin yake ba. A zamanin ARPANET, kakar intanet, sunayen duk injinan suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT. Ofishin wata mata, Elizabeth Feinler, a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya, shi ke kula da shi. Ka sa sabon inji, ka sanar da su, kowa ya sauko da sabon kwafi.

8/ Ku ɗauka a ce duk masarauta mai unguwa ɗaya ne da littafi ɗaya. Da injina suka yi yawa abin ya gagara. A Nuwamba 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da tsarin DNS a takardu biyu, RFC 882 da 883. Raba aikin da ya yi hawa-hawa shi muke kai har gobe.

9/ A 1984 ɗalibai huɗu a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, Douglas Terry, Mark Painter, David Riggle da Songnian Zhou, suka rubuta manhajar da za ta yi wannan aikin a kan Unix. Ita ce BIND. Paul Vixie ya karɓi kula da ita a 1988, daga baya ta koma hannun ISC, ƙungiyar da aka kafa a 1994.

10/ Kyauta ake ba da BIND, kowa na iya karanta rubutunta, tana kuma zuwa tare da Unix da Linux. Shi ya sa ta mamaye duniya: jami'o'i, bankuna, kamfanonin waya, ma'aikatu. Alherin ke nan, kuma hatsarin ke nan. In duk gari kwado iri ɗaya ake sa wa ƙofa, ɓarawon da ya gano lagonsa ya gama da garin.

11/ Ina Najeriya a wannan lokacin? A 1995 aka ba da .ng, da Malama Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a matsayin mai kula da shi. Amma aikin injin daga Italiya aka fara yin sa, daga baya wani Ba'amurke, Randy Bush, ya riƙe shi shekaru. Littafin sunayen ƙasarmu a hannun mutanen waje yake a lokacin.

12/ An sha rigima kan wa ya kamata ya riƙe .ng, har sai da gwamnatin Obasanjo ta sa baki. A 2004 aka mayar da shi hannun NITDA, a 2005 aka kafa NiRA, a 2009 aka damƙa mata shi a hukumance. Ita ce ke riƙe da shi yanzu.

13/ Jigawa kuwa ba a bar ta a baya ba, wannan matasa su sani. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse don samar da intanet, ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure, ga yankin ciniki maras haraji a Maigatari. Lokacin GSM ma bai daɗe da shigowa ba, a 2001 ya fara.

14/ Da gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006, Jigawa na cikin masu hannun jari. Shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Wato jihar nan tana da gado a wannan fanni. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa a ƙarshe. Yanzu mu koma kan masu kai hari.

15/ Akwai hari iri biyu da ke hana DNS aiki. Na farko na taron dangi ne: a turo dubban injina su cika ƙofa da tambayoyin banza har mai tambayar gaskiya ya rasa wurin shiga. Na biyu ya fi arha: tambaya ɗaya tak, wadda aka murɗa ta yadda mai amsawa zai faɗi ya suma.

16/ Na farkon an gan shi a 21 ga Oktoba 2002. Tushen DNS sunaye 13 ne, daga A zuwa M. Aka yi musu ruwan saƙonni na kusan awa ɗaya, 9 daga ciki suka jigata. Yawancin mutane ba su lura ba, saboda 'yan aike suna riƙe da tsofaffin amsoshi. Da harin ya daɗe, da labari ya sha bamban.

17/ Darasin da aka ɗauka: kada suna ɗaya ya zama inji ɗaya. Aka riƙa kwafar kowane tushe ana bazawa a birane, duk da lamba guda, tambayarka ta tafi wurin mafi kusa. Yau sunayen 13 ne har yanzu, amma injinan sun haura 1,500, har da Legas. Cibiyar musayar intanet ta IXPN ma tana da reshe a Kano.

18/ An kuma gane hatsarin kwado iri ɗaya. A Holan aka rubuta wata manhajar dabam mai suna NSD, a 2003 tushen K ya koma kanta. Daga baya Unbound da Knot suka zo, ga PowerDNS. Manufar ita ce in cuta ta kama BIND, kada ta kwantar da kowa rana ɗaya.

19/ Yanzu hari na biyu, wanda shi ne zuciyar zaren nan. Masu rubuta BIND 9, wadda ta fito a 2000, sun cika ta da shingayen bincike. Kafin wani aiki, manhajar kan duba ko komai yana yadda ya kamata. In ta ga abin da bai kamata ya yiwu ba, sai ta kashe kanta nan take.

20/ Da gangan suka yi haka, kuma suna da hujja. Gara ta tsaya da ta ci gaba cikin ruɗu har maƙiyi ya ƙwace injin gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai duk wanda ya gano tambayar da ke taɓa shingen, ya samu makunnin kashe sabar daga ko'ina a duniya.

21/ A Yuli 2009 an samu irin wannan ta hanyar saƙon sabunta bayanai. A Nuwamba 2011 kuwa sabobi suka riƙa faɗuwa a wurare da yawa cikin dare ɗaya, ciki har da jami'o'in Amurka. ISC ta fitar da facin hana faɗuwar tun kafin ta gama gano asalin cutar. A tsayar da jini tukuna, bincike ya biyo baya.

22/ Sai babbar: Talata, 28 ga Yuli 2015. ISC ta sanar da ɓaraka mai lamba CVE-2015-5477. Wani mai bincike, Jonathan Foote, ya gano ta ta hanyar sa wata manhaja ta riƙa jefa wa BIND tambayoyi barkatai, dubbai kan dubbai, har ɗaya ta kayar da ita. Ya kai rahoto a asirce, bai baza a kasuwa ba.

23/ Ga yadda take. Akwai wani nau'in saƙo mai suna TKEY, na musayar mabuɗin sirri. BIND kan nemi bayaninsa a wani sashe na saƙon, in ba ta samu ba ta duba wani sashen. Amma kafin dubawa ta biyu, sai ta manta ba ta goge abin da ta riƙe daga ta farko ba.

24/ Kamar mai awo ne da ya manta bai zazzage mudu ba kafin ya auna wa na gaba. Shingen bincike ya ga mudu ba fanko ba, ya ce wannan ba zai yiwu ba, manhaja ta mutu. Saƙo ɗaya, ƙarami ƙwarai. In an tayar da ita a sake turowa, ta sake mutuwa.

25/ Abin tsoron shi ne, ko ba ka amfani da TKEY ta shafe ka. Ko ka rubuta dokar wa aka yarda ya yi tambaya, ba ta hana ba, don faɗuwar na zuwa kafin a kai ga duba dokar. Ɗan aike da mai riƙe da littafi duk ta kama su. ISC ta ce babu wata dabara sai faci.

26/ Facin kuwa? Asalinsa layi ɗaya ne: a goge abin da aka riƙe kafin a sake dubawa. A zazzage mudu, shi ke nan. Kuskuren yana nan tun BIND 9.1.0 ta 2001, shekara 14 yana kwance, a rubutun da kowa ke iya karantawa. Gyaran ya fito a 9.9.7-P2 da 9.10.2-P3.

27/ Nan ne inda mutane ba sa ganewa. Ranar da faci ya fito, ranar hatsari ke ƙaruwa ga wanda bai ɗora ba. Maharin zai kwatanta tsohon rubutu da sabo, ya ga layin da aka canza, ya san inda ciwon yake. A 2015 ba a yi mako ba aka wallafa makamin, aka fara ganin hare-hare.

28/ Wani zai ce to me ya sa ake sanarwa? Saboda ɓoyewa ba ta hana wani ya gano da kansa, ta dai hana mai gida sanin bangonsa ya tsage. Shi ya sa ake bin tsari: a gaya wa masu manhaja a asirce, a shirya faci, a fitar rana ɗaya. Haka aka yi a 8 ga Yuli 2008 kan ɓarakar Dan Kaminsky.

29/ Ta Kaminsky ba ta kashe saba, ta fi haka muni: tana sa ɗan aike ya karɓi amsar ƙarya, ka rubuta sunan bankinka a kai ka gidan ɓarawo. Wannan ya hanzarta DNSSEC, tsarin buga hatimi a kan amsoshi kamar takardar fada. A Yuli 2010 aka buga wa tushen kansa hatimi.

30/ To hatimin ma ya zo da nasa ciwon. Talata 13 ga Fabrairu 2024, wata ɗaya kafin yankewar wayoyin teku, masu bincike na cibiyar ATHENE a Jamus suka bayyana KeyTrap. Ƙa'idar DNSSEC ta ce ɗan aike ya gwada duk mabuɗan da aka ba shi da duk hatiman, har ya samu wanda ya dace.

31/ Sai maharin ya ba shi tarin mabuɗai da tarin hatimai, babu ɗaya mai dacewa. Bawan Allah ya zauna yana gwada wannan da wancan, masu tambaya na tsaye a layi. A gwajinsu, amsa ɗaya ta iya daskarar da BIND har awa 16. Kuskuren a ƙa'idar kanta yake, sama da shekara 20, don haka kusan kowace manhaja ta kamu.

32/ Maganin da aka yi: a sa wa ɗan aike iyaka, in ya gwada kaɗan bai dace ba ya watsar ya kama na gaba. An yi watanni ana shiri a asirce da ISC, Google, Cloudflare da sauransu. A BIND gyaran ya zo a 9.16.48 da 9.18.24. Yawancinku ba ku ji labarin ba, don an ɗora facin a kan lokaci.

33/ Wanda kuka ji shi ne na Litinin 4 ga Oktoba 2021. Wajen la'asar sakaliya Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6. Ba hari ba ne, kuskuren ma'aikatansu ne ya sa sabobin DNS ɗinsu suka ɓace daga taswira. Injinan na nan da ransu, babu mai nuna hanyar zuwa gare su.

34/ Ku tuna lokacin: an rufe Twitter a Najeriya tun 5 ga Yuni, an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina tun Satumba. Mutane da yawa sun zaci mu ma an yanke mu ne. Mai turo hoton sa ko samfurin riɗi da zoɓo ga mai saye a Legas ta WhatsApp, ranar sai kira.

35/ Abin da ya sa nake ganin wannan tarihin namu ne ke nan. Da can fatake kan ɗaure kuɗi a jiki su shigo Maigatari. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma tiransifa da POS. Manhajar bankin da ke wayarka, kafin ta yi komai, sai ta tambayi DNS ina bankin yake.

36/ Ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gumel mai rajista, yaron Gagarawa mai duba sakamakon JAMB, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai jiran alat, duk ta ƙofar nan suke bi. Jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa tun wajen 1930 ana ganin layinsa, in ya lalace an san inda za a je. Wannan layin ba a ganinsa.

37/ Na taɓa shiga wani ofishi a yankin nan, ba zan faɗi suna ba, aka ce in duba me ya sa intanet ke yawan ɗaukewa. Na tarar da wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, ita ke yi wa duk ginin DNS. Wanda ya haɗa ta ya bar aiki da daɗewa, ba wanda ya san kalmar sirrinta.

38/ BIND ɗin da ke kanta ta girmi facin 2015. Duk lokacin da ta mutu, masinja ya kashe soket ya kunna, a ce "netwok ne". An sayi inji, an yi bikin buɗewa, amma ba a rubuta sunan wanda zai riƙa ɗora faci ba, ba a kuma ware ko sisi don haka ba.

39/ Nan nake komawa kan gadon Jigawa. Mun iya farawa, tarihi ya shaida, jihar nan ta shiga harkar tun wasu ba su farka ba. Inda muke da rauni shi ne riƙo. Kwangilar saye tana da mai nema, aikin duba inji duk wata ba shi da mai so, don ba a ɗaukar hoto a kansa.

40/ Ga 'yan'uwa masu kula da saba a makaranta, asibiti, kafe ko sakatariya. Buga named -v ka ga wace BIND kake da ita. In ISC ta daina tallafa mata, ka ɗaga. Ka yi rajistar samun sanarwarsu, ka riƙa duba ta ngCERT. Ka gwada facin a gefe, amma gwajin kwana ne, ba wata ba.

41/ Kada sabarka ta amsa wa duk duniya in mutanen gininka kaɗai take wa aiki, ka rufe ƙofa ta 53 daga waje. Ka ajiye aƙalla biyu a wurare dabam, in da hali manhaja dabam. Ka sa ta tashi da kanta in ta faɗi. Ka rubuta komai a takarda don wanda zai gaje ka.

42/ In kuma ba ka da lokacin kula da ita, ba abin kunya ba ne ka kashe ta ka koma kan ta kamfanin layinka ko ta manyan masu bayarwa kyauta. Sabar da ba mai duba ta gara babu ita.

43/ Sauran jama'a ku ma da naku. A 21 ga Oktoba 2016 an durƙusar da kamfanin DNS na Dyn a Amurka, Twitter da Netflix suka ɗauke wa miliyoyi. Sojojin harin kyamarorin tsaro ne da rawutocin gida da masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba. Cutar Mirai kalmomi kusan 60 kawai take gwadawa.

44/ Don haka kyamarar shagonka da MiFi ɗin gidanka, ka canza musu kalmar sirri yau. In waya ta ce akwai sabuntawa, kada ka yi ta danna "anjima" wata uku don tsoron data. Ciyamomi da shugabannin makarantu kuma, ku tambayi ma'aikacinku yaushe rabon da a ɗora faci, ku saurari amsar da kyau.

45/ Nan zan tsaya. Wanda ya yi aiki da Galaxy a Dutse ko ya yi karatu a Informatics Kazaure a shekarun farko, don Allah ya ba mu labarin yadda aka yi a ƙasa, tarihin nan bai kamata ya tafi da masu shi ba. In na yi kuskure a gyara mini. Allah Ya ba mu alheri, Ya sa kasuwar Alhamis ta yi albarka.